Dawakin Ƙofa da Dawakin Hanya

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta bi ta Boɗinga da Dogon Daji, ta ratsa Tambuwal sannan ta miƙe Aliero da Jega, ba ta rabuwa da manyan motoci dare da rana. Ga masu siminti daga Kalambaina, ga masu albasa da shanu da suka nufi Legas, ga tankokin mai suna dawowa arewa, ga 'yan kanta masu ratsewa su shiga ƙauyukan Kebbe ranar kasuwa. Kusan kowace mota tana ɗauke da lamba a ƙofa ko a goshi, kuma lambar magana take yi. A tsarin Mercedes, 911 na nufin mota mai tan 9 da inji mai ƙarfin doki 110, 1113 kuwa tan 11 da doki 130. MAN mai 18.440 tan 18 ce da doki 440. Ita Howo ba ta tsaya dogon bayani ba, 371 kawai take rubutawa. Dillali yakan ɗora yatsa a kan lambar kamar daga nan magana ta ƙare.

Akwai mutanen da ba sa musu da lambar, amma ba sa sayen mota da ita. Su ne tsofaffin direbobi da kanikawan manyan motoci, irin waɗanda alhaji zai ɗauki nauyin tafiyarsu zuwa Kano ko Legas ko Kwatano don kawai su gwada masa mota kafin ya zuba kuɗinsa. Irin wannan mutum zai zagaya motar, ya saurare ta, ya sa a yi mata lodi, ya hau da ita wani hawa da ya sani, ya sauko yana goge hannu ya ce, "Alhaji, motag ga ta gaji. Abin da anka rubuta bisa ƙohwa babu shi cikinta." Yawanci idan aka buɗe injin, maganarsa ake iskewa. Babu tsibbu a ciki. Awo ne, kuma shi ne dai awon da injiniyoyi ke yi da na'urori masu tsada, wanda masu tseren motoci a Amurka ke yi da agogo da lissafi. Shi dai nasa ma'aunin a kunne yake, da tafin hannu, da ƙafar da ke kan totur.

Don a ga girman abin da yake yi, sai an san me ake aunawa. A ƙarshen ƙarni na 18, James Watt yana neman sayar da injin tururi ga masu masana'antu da mahaƙa a Ingila, mutanen da duk lissafin aikinsu da dawaki suke yin sa. Sai ya tsayar da ma'auni: doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga laba 33,000 tsayin ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. Mutanen Turai daga baya suka yi nasu da ya ɗan gaza wannan kaɗan, kuma shi ne a kan yawancin motocin da ke bin hanyarmu: kilo 75, tsayin mita ɗaya, cikin sakan ɗaya. Wato buhun siminti ɗaya da rabi ke nan a ɗaga shi zuwa ƙugu kafin a ƙifta ido, a kuma ci gaba da yin haka ba hutu. Abu uku ne a cikin ma'aunin: nauyi, da tsayi, da lokaci. Wanda duk ya san nauyin da aka ɗauka, da tsayin da aka hau da shi, da lokacin da aka ci, ya san ƙarfin da ya yi aikin, ko ya iya rubuta shi da alƙalami ko bai iya ba.

Shi kuwa inji ba ɗagawa yake yi ba, murɗawa yake yi. Kowane yaron gareji ya san ƙarfin murɗi, domin idan noti ya ƙi kwancewa yakan zura bututu a kan sifana ya ƙara mata tsawo, notin ya sallama. Ƙarfin doki shi ne wannan murɗin idan aka ninka shi da yawan juyin da inji ke yi a minti. Saboda haka lambar ƙofa gaskiya ce a wuri ɗaya tak a kan agogon juyi. Injin WD615 da ke cikin Howo 371, mai lita 9.7, ba ya ba da dawakansa 371 sai yana juyi 2,200 a minti, totur a ƙasa. Murɗinsa mafi ƙarfi kuwa yana tsakanin juyi 1,100 da 1,600, kuma a nan ne direban kirki yake zama yini guda, domin a nan mota take ja ba tare da ta shanye tanki ba. (Asalin zanen wannan injin ma na kamfanin Steyr ne na Ostiriya, wanda Sin ta sayi izinin ƙerawa a shekarun 1980, Steyr ɗin nan dai da ya riƙa haɗa motoci da taraktoci a Bauchi. Shi ya sa tsofaffin kanikawa ba su sha wahalar sabawa da shi ba.)

Na'urar da ke fitar da lambar ana kiranta dainamomita, a taƙaice daino. Dabararta tsohuwa ce: a matse inji da birki, a auna yadda yake turjiya. Wani Bafaranshe, Gaspard de Prony, ya yi ta da katako da sikeli a 1821. William Froude ya yi mai birkin ruwa a 1877. A masana'anta, akan ɗora injin shi kaɗai a kan mazauni, sabo fil, da gas mai tsabta, a kuma daidaita sakamakon kamar iskar da yake shaƙa tana da zafin digiri 25. Ko a haka ma lambar tana bin ƙa'idar da aka zaɓa. A 1972 kamfanonin Amurka suka daina auna inji tsirara, suka koma auna shi da fanka da salansa da matatar iska a jikinsa, sai ga lambobi sun faɗo ƙasa a shekara guda, a wasu motocin ba tare da an taɓa ko noti ɗaya ba.

Akwai kuma dainon da ake hawar da mota gaba ɗayanta, a ɗaure ta da sarƙa, tayoyinta su riƙa juya wasu manyan gangunan ƙarfe da ke binne a ƙasa. Wannan yana auna abin da ya iso taya, bayan giya da farfela da aksil sun ci rabonsu, wanda yakan kai kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Iri biyu ne: wani gangar ce kawai mai nauyi, yana duba saurin da mota ta ɗauka kafin ta hanzarta ta, wani kuma yana da birkin lantarki ko na ruwa da ke danne gangar yadda ake so. Ba abin mamaki ba ne mota ɗaya ta hau daino biyu a rana ɗaya ta sauko da lamba biyu masu tazara. Masu motocin gas sun fi kowa sanin wannan, saboda tobo. Hayaƙin salansa ne ke juya tobo, hayaƙi kuwa ba ya yin ƙarfi sai inji yana shan wuya. Idan gangar ba ta danne motar sosai ba, gwajin zai ƙare kafin tobo ya gama farkawa, lambar ta fito ƙasa da gaskiya.

A nan ne maganar tsere ta shigo. A Amurka akwai masu a-kori-kura irin su Ram mai injin Cummins, da Ford mai Power Stroke, da Chevrolet mai Duramax, waɗanda ke kashe dukiya wajen ƙara musu ƙarfi. A gasar Ultimate Callout Challenge da ake yi a Indianapolis, mota ba ta cin kambu da lambar daino kaɗai, ko da ta haura doki 2,000 kamar yadda wasunsu ke yi; sai ta yi tsere a miƙaƙƙen fili, ta kuma ja kaya mai nauyi a kan ƙasa. Dalili kuwa sun sha ganin motar da ta cika allo da lamba ta zo fili ta ji kunya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Tsayin filin na gargajiya rubu'in mil ne, mita 402, kuma abu biyu ake rubuta wa kowace mota: sakan nawa ta ci, da saurin da take yi daidai lokacin da ta tsallake layin ƙarshe.

Tun a shekarun 1950 wani injiniya marubuci, Roger Huntington, ya tattara sakamakon motoci da yawa ya fitar da lissafin da ke haɗa nauyi da sauri da ƙarfi. Wanda aka fi amfani da shi yau, na Patrick Hale, cewa ya yi a raba saurin ƙarshe na mil a sa'a da 234, abin da ya fito a ninka shi da kansa, a sake ninkawa da shi, sannan a ninka da nauyin motar a laba. A-kori-kura mai tan 3 da ta tsallake layi tana gudun kilomita 161 a sa'a, wato mil 100, lissafin zai ba ta doki 515 ko kusa da haka. Idan mai ita yana yawo da takardar daino mai 700, to ko takardar tana da ƙari, ko akwai inda dawakai ke zubewa. Masana tseren sun fi yarda da saurin ƙarshe a kan yawan sakan. Sakan yana lalacewa idan taya ta yi ta juyawa a banza wajen tashi, ko direba ya yi nawa. Saurin ƙarshe kuwa bai cika damuwa da wannan ba, kusan ƙarfi da nauyi kawai yake gani. Lissafin ya kuma nuna wani abu mai sanyaya gwiwa: wanda ke son ninka saurinsa sau biyu, sai ya ninka ƙarfinsa sau takwas.

Tsohon direban Tambuwal bai taɓa ganin wannan fili ba, kuma ba ya bukatarsa. Nasa filin hawa ne. Abin da ya sa nake ganin gwajinsa ya ma fi na masu tsere tsabta shi ne, a kan hawa da lodi, ma'aunin Watt ne tsantsa: nauyi, tsayi, lokaci. A ɗauki tirela mai buhun siminti 600, tan 30 ke nan, da nauyin kai da bodi a ce jimla tan 45. A sa ta a hawan da ke ɗagawa mita 4 a cikin kowace mita 100. Idan injin yana da dawakansa 371 cif, bayan an cire rabon giya da aksil, za ta riƙe kusan kilomita 40 a sa'a. Idan duk ƙoƙarinta bai wuce 30 ba, to kusan doki 90 sun ɓace a wani wuri. Direban ba zai ce maka 90 ba. Abin da zai ce shi ne, wannan hawan da irin wannan lodin giya kaza ake cin sa, ita kuwa sai da ya sauko mata biyu. Da za a zauna da alƙalami a bi maganar tasa, amsar ɗaya za a samu.

Abin da ke ba shi wannan tabbaci shi ne taskar da ke kansa. Shekara da shekaru yana bin hanya ɗaya, daga Jega zuwa Koko da Yawuri da Kwantagora, har Mokwa da hawan da ke bayan gadar Jebba, da motoci iri-iri da lodi iri-iri. Ya san yadda lafiyayyar DAF ke yi a kowane tudu, ya san yadda take yi idan ta fara tsufa. Shi ya sa ba ya yarda da gwajin mota ba lodi. Kan tirela shi kaɗai, ko injinsa ya kusa mutuwa, zai yi ta zabura kamar ingarman doki, kuma dillalai sun san haka, shi ya sa suke son a ɗan zaga unguwa a dawo. Ya gano da kansa abin da masu daino suka gano game da tobo: inji ba ya nuna halinsa sai an danne shi.

Sai dai sanin cewa dawakai sun ɓace shi ne rabin aikin mai sauƙi. Gwanintar tana wajen gano inda suka shiga, kuma a nan ne ake bambanta maigida da wanda ya iya tuƙi kawai.

Yana farawa tun mota ba ta tashi ba. Da sassafe yake zuwa, kuma abin da zai fara yi shi ne ɗora bayan hannu a jikin inji. Idan ya ji ɗumi, an riga shi, an tayar da ita don ta ɓoye halinta, sai ya ce gobe zai dawo. Injin gas ba shi da fulogi. Matsa iska yake yi har ta yi zafin da gas zai kama da kansa, don haka injin da ringinsa ya cinye yana wahalar tashi da sanyi. Tana tashi sai ya koma baya ya dubi salansa. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa, gas ne da bai ƙone ba ko ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙi wuluk kuwa gas ya fi iska yawa. Daga nan ya kwance murfin baƙin mai, ya ɗora shi a bakin ramin ba tare da ya ɗaure ba. Idan murfin ya zauna lafiya, madalla. Idan ya kama rawa, hayaƙi na bugo shi daga ciki, to ƙarfin da ya kamata ya tura fistin yana sulalewa ta gefen ringi.

Akwai wani gwaji da nake jin daɗin kallo a wajen kanikawan tsofaffin injina. Inji yana sulo, maigida ya ɗauki sifana ya sassauta notin bututun nozul na silinda ta farko. Muryar inji ta canza, ya fara ɗingishi, ya ɗaure. Ta biyu, haka. Ta uku, haka. Ya zo ta huɗu ya sassauta, muryar ba ta canza ba ko kaɗan. Sai ya waiwayi yaronsa: "Mi kaj ji?" Yaron ya ce bai ji komai ba. "To shi na. Ta huɗu ka kwana." Silindar da aka yanke wa gas amma ba a ji rashinta ba, dama can ba ta aiki. Injin silinda shida da ɗaya ke barci ya yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin shida na ƙarfinsa, domin sauran biyar ɗin ne ke jan ta. Wasu kuma ɗigon ruwa suke yayyafawa a bakin bututun hayaƙin kowace silinda jim kaɗan da tashi, su ga wanda ya daɗe bai bushe ba.

Idan inji ya tsallake wannan amma mota ta kasa hawa, sai ya bi hanyar da ƙarfin ke bi zuwa ƙasa. A tsakiyar hawa yana taka totur yana sauraro: idan kukan inji ya ƙaru amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke zamewa, kuma ba da daɗewa ba hanci zai tabbatar. Idan ya kai sama ya tsaya, sai ya ce wa yaron mota, "Tahi ka taɓo min gangunan baya." Gangar birkin da ta yi zafi alhali ba a taka birki ba, tana riƙe da motar ne tun daga ƙasa. Ya ɗauki ƙarfe ya bi tayoyi yana bugawa, yana jin wadda muryarta ta mutu, domin taya maras iska ita ma ɓarauniyar doki ce, kuma tirela tana da su da yawa. Ya saurari tobo: akwai fiton da yake na lafiya, akwai shuuu ɗin da ke nuna tiyo ya tsage ko ɗaurinsa ya saki, iskar da aka matsa tana tsiyayewa kafin ta isa inji. Ya ciro matatar iska ya buga ta da ƙasa. Bayan hunturu guda a wannan yankin, ƙurar da za ta zubo ta isa ta bayyana rabin matsalar. Ya ɗebi gas daga tanki ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu, ya ji ko an gauraya shi da kananzir.

Sannan akwai abin da ba ciwo ba ne, halitta ce. Motoci biyu masu inji iri ɗaya da lamba iri ɗaya, ɗaya ta wuce ɗaya a miƙe, a zo hawa ko rami ta bayan ta wuce ta gaban. Wanda bai sani ba zai ce injin ɗayar ya fi. Maigida kuwa zai leƙa ƙarƙashi ya dubi aksil. Tifa da aka ƙera don kwasar yashi takan zo da ƙarin giya a cikin cibiyar ƙafafunta na baya, abin da ke rage mata gudu ya ƙara mata ja. Kan tirelar da aka ƙera don lafiyayyun titunan Holan da Jamus, inda ake bin dokar nauyi, an yi mata aksil na doguwar tafiya. A kawo ta nan a ɗora mata abin da ya wuce kima, sai ta zama kamar ba ita ba. Giya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, musanya take yi, ta karɓi gudu ta ba da ja. Mai saye da ya san hanyar da motarsa za ta bi, aksil yake tambaya kafin lamba.

Hanyoyin ƙauyukan Kebbe da fadamun Gulbin Zamfara suna koyar da wani darasin, wanda shi ne daidai da matsalar tashi a filin tsere. A cikin yashi ko laka, yawan doki ba ya amfanar kowa idan taya ba ta kama ƙasa ba. Sabon direba yakan ji mota ta fara nutsewa ya danne totur, ta haƙa wa kanta rami har aksil ya zauna. Tsohon hannu rage iskar taya yake yi don ta baje, ya tashi da giya ta biyu, ya saki kuloci a hankali, ya bar inji a ƙasan juyinsa inda murɗi yake. Da haka kanta mai doki ɗari da 'yan kai take fita da buhunan shinkafa a inda babbar mota ta kwana.

Zafi ma yana cikin lissafinsa, ko da bai taɓa jin labarin digiri 25 na masana'anta ba. A watan Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, iska takan yi sako-sako. Tsakanin digiri 25 da 43 tana rasa kusan kashi 6 cikin 100 na kaurinta. Tobo yana rufe wani ɓangare na giɓin, amma lagireto yana shan wuya, fanka tana kamawa ta ƙi saki, ita kuwa fankar babbar mota dawakai da dama take ci. Saboda haka gwani ba ya kwatanta hawan azahar da na asuba. Idan mota ta yi masa nawa da tsakar rana, yakan yi mata uzuri gwargwado. Idan ta yi masa nawa da sanyin asuba, ba ta da hujja.

Inda na fi ganin dattakun waɗannan mutane shi ne maganar buɗe famfon gas. Kowane mai gyaran famfo ya san sukurun da idan aka murza shi gas zai ƙaru, mota ta yi zafin nama, ta riƙa tashi da baƙin hayaƙi kamar ana ƙona taya. Matasan direbobi suna so, wasu ma alfahari suke yi da hayaƙin. Masu gasar Amurka ma haka suke yi, amma su sakan goma suke nema, kuma sun shirya wa fashewar inji. Motar da za ta yi kwanaki tana jan tan 45 ba haka take ba. Baƙin hayaƙi gas ne da aka saya aka watsar bai gama ƙonewa ba, kuma tun da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022 babu mai motar da zai ce bai ji a jikinsa ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne zafin da ke taruwa a kan fistin a dogon hawa, har ya kai ga narkewa. Maigida na ƙwarai idan aka ce ya ƙara mata wuta, sai ya fara neman iskar da ta rasa: matata, tiyo, tobo. Idan ya kai famfo da nozul wajen masu bencin gwaji, yakan ce a mayar da su yadda aka ƙero su. Yawancin dawakan da suka ɓace suna dawowa ta nan, ba tare da an ci bashin ran inji ba.

Kada kuma wani ya ɗauka ana yabon masu tsere a kan titi ne. Filin Amurka a killace yake, da motar kashe gobara a gefe. Hanyar Tambuwal zuwa Jega kuwa ta kowa ce, da amalanken shanu, da 'yan makaranta, da mai babur ɗauke da iyalinsa. Dokar hanya ba ta yarda tirela ta wuce kilomita 60 a sa'a ba ko a kan tagwayen hanya. Mutanen da nake magana a kansu ba su taɓa gwada mota da gudun miƙe ba, domin sun san gudun miƙe ba ya faɗin komai. Kowace gajiyayyar mota za ta yi gudu idan aka ba ta fili da lokaci, tsayar da ita ne aiki.

Sana'ar tana canzawa, kuma su ma sun sani. Sababbin injina masu kwamfuta suna tara gas a bututu ɗaya da matsin da ya haura 1,500 a ma'aunin bar, don haka sassauta notin nozul inji na aiki ya zama ganganci; tsinin gas ɗin yana iya huda fata. Yanzu yaro ne zai jona kwamfuta ya kashe silinda ɗaya bayan ɗaya daga kan allo. Haka kuma irin wannan injin yakan rage wa kansa ƙarfi da gangan idan wata 'yar na'urar awo ta ba shi labarin da bai gamsu da shi ba, sai mota ta mutu a hawa alhali ringi da fistin lafiya lau, abin da kunne kaɗai ba zai warware ba. Garejin da ya ci gaba a yau shi ne wanda tsoho da yaron kwamfuta suke aiki tare ba tare da raini ba. Amma ƙarfin da kwamfutar ke nunawa ƙiyasi ne daga yawan gas ɗin da ta ba da umarnin a fesa. Ba ta ganin kulocin da ke zamewa, ba ta jin gangar birkin da ke riƙewa, ba ta san an sauya aksil a Kwatano ba. Shi ya sa ko bayan allo ya nuna babu matsala, mai motar da ya san ciwon kuɗinsa yakan jira a yi lodi, a ba tsohon direba makulli ya hau da ita tudu, sannan a zauna maganar farashi.